Ruwan da Lami Ba Ta Sha Ba

Da sunan Allah, Mai saukar da ruwa inda Ya so, Mai riƙe shi daga inda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Jiya da hantsi, goma sha ɗaya ga watan azumi, aka yi ruwa a Doha. Ba irin ruwan Zariya ba ne mai cika kududdufi. Yayyafi ne da ya ɗan yi nauyi, ya jiƙa titunan Nu'aija, ya wanke motoci rabi da rabi, sannan ya ɗauke. Ina zaune a barandar gidan babban ɗana, wanda ke aikin likita a nan, da mayafi a kafaɗa saboda sanyi. Sai iska ta kawo mini ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa daga filin ƙwallon da ke bayan unguwa. Wannan ƙamshi bai taɓa zo mini shi kaɗai ba.

Da na shigo ciki, idona ya sauka kan gorar ruwan da ɗana ya ajiye wa matarsa kafin ya fita aiki. Tana da juna biyu, watanni sun yi nisa, kuma likitarta ta hana ta azumi bana. Gorar tana cike har wuya. Kwana uku ke nan ina ganin ta haka har la'asar, sannan gab da dawowar mijinta in gan ta wayam, tukunyar na'a-na'ar da ke baranda kuwa jiƙe sharkaf. Na san awon ruwa da ido. Akwai shekarar da wannan ne aikina.

Shekara goma sha biyar ke nan, ko kusa da haka, watan azumi ya faɗo a tsakiyar zafin ƙasar nan. Na zo Doha a lokacin ina da shekara hamsin da ɗoriya, don kammala wani bincike kan rubuce-rubucen malamanmu na da a babin azumi, musamman uzurorin da ke halatta wa mutum ya sha. Da bazara ta shigo aka rufe jami'a, aka kulle ɗakunan ɗalibai don gyara. Iyalina suna Zariya. Sai na koma unguwar Najma, wani ɗaki da mutum biyar ke kwana a ciki, na zama na shida. A cikinsu akwai Awudu, mutumin Zangon Kumasi, ɗan kimanin shekara arba'in, mai faɗin kafaɗa da saurin baki. Yana aiki a wani filin golf a wajen gari, wasan nan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Aikinsa ɗaukar jakar sandunan mai wasa, ya bi shi daga rami zuwa rami yana nuna masa inda iska ta dosa. Shi ya samo mini aikin wucin gadi a wurin, da izinin kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar.

"Aikin lada ne, Malam," in ji shi. "Shayar da ruwa. Ku Zazzagawa kun saba shayar da mutane karatu, yanzu ka gwada abin da ke kashe ƙishi."

Ramuka goma sha takwas ne a filin, kuma bayan kowane biyu akwai 'yar rumfa da kula a ƙarƙashinta. Da sassafe nakan hau wata ƙaramar mota mai batir, in zagaya in cika kuloli tara da ƙanƙara da ruwa, in jera kofunan takarda. Kafin azahar in sake dubawa, bayan la'asar in zubar da abin da ya rage, in wanke. Cikin mako guda hannuna ya koyi nauyin kowace. Ina ɗaga ta nake sanin kofi nawa aka sha.

Wanda bai yi bazara a bakin tekun nan ba, ba zai gane ba in an ce masa zafi. Zafin gida bushewa yake yi, inuwa tana maganinsa. Na nan jiƙewa yake yi. Mutanen ƙasar suna kiransa rutuba: iska ta cika da tururin teku ta tsaya cik, sama ta yi fari kamar nonon da aka tsinka, rana ta ɓace a cikinta amma tana nan ta ko'ina. Ina fita daga ɗaki tabarauna ke rufewa. Riga takan manne kafin mutum ya kai bakin titi, kuma zufar ba ta bushewa balle ta sanyaya. Ruwan famfo daga tankin saman bene yake saukowa, da rana yana iya ƙona hannu, don haka tun sahur muke tara na alwala a bokitai mu ajiye ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita kanta tana ɗiga cikin wani kwano dare da rana.

Mako guda kafin ganin wata ta zo. Bajamushiya ce, 'yar shekara ashirin da uku, doguwa, siririya, gashinta a ɗaure cikin hula. Sunanta yana da tsawo da karo da juna, ya gagari harshen Awudu, kuma tun da ranar Alhamis aka haɗa shi da ita, sai ya raɗa mata Lami. Da ya bayyana mata dalili ta yi dariya ta karɓa. Da Turanci suke magana, ni ma da shi nake gaisawa da ita.

Awudu ne ya warware mini abin da ya kawo ta a lokacin da duk mai hali ke gudu daga garin. Wasan shi ne sana'arta, ba nishaɗi ba. A ƙarshen shekara akwai gasar tantancewa ta kwanaki a wata ƙasa mai zafi. Waɗanda suka fito a sahun gaba su sami kati, wato izinin buga manyan gasa na shekara guda, sauran su koma gida. A shekarar da ta gabata tana cikin na gaba har ranar ƙarshe, sai zafi ya kama ta, kati ya kuɓuce mata da bugu ɗaya tak. Masu ɗaukar nauyinta sun ba ta shekara guda ta sake gwadawa, babu ta biyu. Shi ne ta zo neman zafin da ya kayar da ita, ta zauna da shi har jikinta ya saba.

"Kamar mai tsoron kura ya tare a bakin raminta," na ce.

"Ai ba ta da tsoro, Malam. Abin da ke damuna da ita ke nan."

A wancan mako na farko ita kaɗai ce kusan ke taka filin da rana, don haka abin da kulolina suka ragu, ita ce. A kowace rumfa takan sha kofi biyu, ta zuba na uku a wuya. A rumfar rami na goma sha uku, wadda ta fi kowace nisa da ofis, a wani kwari tsakanin tudun yashi biyu inda iska ba ta shiga, takan sha uku. Ina ɗaga kular nan da la'asar in ji ta yi sauƙi, in ce alhamdu lillahi.

Aka ga wata. Tsarin ɗakinmu ya juya. Awudu ke dama koko da geron da yake samowa a kasuwa, wani Bakano mai gadi ya soya ƙosai a kan ƙaramin risho a lungun matakala, ni kuma an ɗora mini tashin mutane da jan salla. Awudu ya san yadda ake azumi a wannan zafi, kuma ya koya mini: ruwa kaɗan-kaɗan tun daga buɗa-baki har kiran salla, ba a ɗura shi lokaci guda; ɗan gishiri a kofin ƙarshe; jiƙaƙƙen tawul ƙarƙashin hula; tafiya kamar mai bin gawa; kada a yi maganar da ba dole ba, ko da yake wannan sharaɗin bai taɓa cika shi ba. Da rana ta ɗaga doka takan tsayar da ma'aikatan waje, sai mu kwanta a rumbun injinan yankan ciyawa, a kan kwalaye, muna jin ƙarar sandarta daga wurin atisaye, ƙwas, ƙwas, ba ta tsayawa.

Ranar farko ta azumi ina nan a rumfa ta biyar suka iso. Ta cika kofi ta kai baki, sai ta dubi Awudu yana tsaye da jaka, ya kau da kai yana kallon tutar da ke kan rami. Ta miƙa masa wani kofin. Ya ce ya gode, yana azumi. Ta ce ta san ba a cin abinci, amma har ruwa?

"Har ruwa, Lami. Har rana ta faɗi."

"Da wannan jaka a bayanka?"

"Jakar ba ta azumi, ita ce matsalar. Kullum nauyinta ɗaya."

Ta yi dariya, amma kofin da ke hannunta ba ta ƙarasa shi ba. Ta zuba sauran a ciyawa. Washegari da la'asar na ɗaga kular farko na ji ta da nauyinta na safe. Na ɗauka hannuna ne ya gaji. Na ɗaga ta biyu, haka. Har ta tara. Kofunan suna jere yadda na bar su.

A motar komawa gida Awudu ya ba da labari. Ta ce masa in shi mai ɗauke da sanduna goma sha huɗu ba zai sha ba, ita mai riƙe da ɗaya ba za ta sha a gabansa ba. Daga shigarta fili har fitarta da yamma ba za ta kai komai baki ba. Ta ƙara da cewa wannan ma horo ne: in ta iya bugu da ƙishirwa a nan, babu ƙasar da za ta sake kayar da ita.

A ɗaki aka yi murna. Bakanon nan ya ce wannan alama ce, irin waɗannan su ne ake wayar gari sun karɓi kalma. Wani ya ce tun da ga malami a kusa, ai Allah ne Ya haɗa. Suka dube ni. Na sunkuyar da kai na ce shiriya ta Allah ce. Amma maganar ta shige ni ta sami wurin zama, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya a wannan shekaru ba: na ji daɗinta.

Ruwan da ya rage a kuloli ba a mayar da shi. Akwai wata 'yar kurna a bayan rumfar rami na goma sha uku, a gindinta nake juye nawa na wannan ɓangare. Da na fara aiki rabin ganyenta a ƙone yake. Kafin goma ga wata ta yi sabon toho, kore shar, ita kaɗai a cikin kwarin. Ina juye ruwan ina kallon ta, ina sanin na wane ne.

Lami kuwa ta fara canzawa a hankali. Dariyarta ta ragu. Leɓenta ya tsage, ta riƙa shafa masa wani farin mai. Takan tsaya a kan ƙwallo ta daɗe fiye da da, kamar mai neman tuna abin da ya kawo ta. Abin mamaki, bugunta bai lalace ba a kwanakin nan. Awudu ya ce ya ma ƙara kyau, ƙwallo na tafiya kamar an ja zare. Wannan ya ƙara mata yaƙini. Mu muna da sahur, muna da gishiri da tawul da kwanciyar rana. Ita kuwa kofin gahawa take sha da ɗan burodi da safe, ta yi gudu a bakin teku, sannan ta zo ta buga ƙwallo ɗaruruwa a lokacin da mu ke kwance.

Ran goma sha biyu ga wata Awudu ya same ni ina wanke kula. Babu wasa a fuskarsa.

"Malam, yarinyar nan tun safe ba ta shiga bayan gida ba ko sau ɗaya. Jiya ma haka. Na yi mata magana ta ce in na sha za ta sha."

"To ka ƙara yi mata."

"Ni ɗan dako ne, ta san ni da zolaya. Kai take ce wa farfesa. Na gaya mata littafi kake rubutawa a kan wannan abu. In ka ce ta sha, za ta sha."

Na ce zan duba lokacin da ya dace.

Lokacin ya zo da kansa bayan kwana biyu, a rumfar rami na goma sha uku. Lami ta bar Awudu yana goge sanda, ta matso ta tsaya nesa kaɗan, don ta lura ba na musabaha da mata kuma ba ta taɓa sa ni jin nauyin hakan ba. Ta cire hula. Ƙasan idanunta ya zurma.

"Malam, Awudu ya ce kai ka san dokokin. Abin da nake yi, daidai ne? Ina so in sani ko ina yin sa yadda ya kamata."

Amsar tana bakina, kuma gajeriya ce. Ba a ɗora mata ba. Abin da take yi ma ba azumi ba ne, tun da tana karyawa bayan fitowar rana. Kuma ko Musulmi ne ya ji tsoron halaka, shan ruwa ya zama wajibi a kansa, barinsa saɓo. Na kwafe wannan hukunci da hannuna daga takardu fiye da goma, na san inda malamai suka yi saɓani da inda suka haɗu. Ga kula a gabana cike da ƙanƙara, ga kofi.

Amma an rene ni a zauren da ba a yanke wa mai kyakkyawar niyya hanzari da tsurar magana. In mutum ya zo wa mahaifina da ƙudurin da bai dace ba, ba ya ce masa a'a. Yakan yaba niyyar, ya yi addu'a, ya yi shiru, ya gyara zaman carbi. Ɗan gari ya san wannan shirun, yakan ce, "Allah gafarta Malam, ko akwai sai dai?" Sannan a buɗe masa. Da wannan al'ada na fake, ga kuma wancan fatan na mutanen ɗakinmu yana motsi a ƙasanta. Na ce mata Allah zukata Yake dubawa, kuma kyakkyawar niyya ba ta faɗuwa ƙasa banza. Na yi shiru, na jira ta tambayi sauran.

Ba ta san akwai saura ba. Mutanenta in sun yi tambaya aka ba su amsa, sun ɗauka an auna musu duka. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode, ta mayar da hula, ta koma wurin ƙwallonta.

Da yamma Awudu ya ce, "Ka faɗa mata?"

"Na yi mata magana."

"Magana ko karatu?"

Ya dube ni, ya tofar da miyan da ba shi da shi, ya hau mota.

Ranar goma sha bakwai ga wata aka wayi gari babu ko motsin ganye. Tutocin ramuka sun rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da na bi ta tafkin da ke tsakiyar fili na ga kifaye sun taso, fararen cikinsu a sama, ma'aikata biyu suna kwashe su da raga. Wani alhudahuda ya shigo ƙarƙashin motata ya tsaya da baki buɗe, na tayar da mota bai gudu ba, sai da na ɗauke shi da hannu. Numfashi kansa sai mutum ya yi niyya. A rumbun injina babu wanda ya yi barci, babu wanda ya yi magana, ƙarar sandarta kawai, kuma tsakanin bugu da bugu ya yi nisa.

Bayan la'asar na nufi kwarin. Daga kan tudu na hango su. Rigar Awudu ta yi baƙi da zufa har gwiwa. Tata a bushe take. Ina yaro, a gonarmu ta bayan ganuwa, mahaifina ya taɓa jefar da fartanya ya ruga wurin wani ɗan ƙodago, ya kayar da shi ƙarƙashin ɗorawa yana kwara masa ruwa. Da na tambaya daga baya ya ce, mai noma in yana zufa ƙyale shi, in zufar ta ɗauke ka yi gudu. Na tuna wannan a kan tudun, na taka mota iya ƙarfinta, kuma ƙarfinta bai fi saurin jaki ba.

Ina kallo ta ajiye ƙwallo, ta juya wa tuta baya, ta fuskanci inda suka fito. Awudu ya kama hannun rigarta. Ta yi masa magana da harshen ƙasarsu, a hankali, kamar tana bayyana wa ɗan'uwanta wani abu a gida. Sannan ta zauna a ciyawa, ta jingina sandar a gwiwa cikin natsuwa, ta kwanta gefe guda.

Na tuge kular daga mazauninta na juye mata ita duka, ruwa da ƙanƙara. Jikinta kamar murhun da aka kashe yanzu. Na ƙulle ƙanƙara a hiramina na sa mata a wuya. Na ɗiga ruwa a leɓenta, ya gangaro ta gefe. Na kira ofis ta rediyo su kira motar asibiti. Awudu ya ɗauke ta ya ɗora a kujera, kuma tun da babu wurin mutum uku, ya riƙe ta da hannu biyu yana gudu a gefen mota, daga rami na goma sha uku har ƙofar fili. Ban san tsawon wannan hanya ba sai ranar.

Da aka tafi da ita, Awudu ya durƙusa a kan kwalta. Idanunsa sun yi ja, kansa yana lilo. Na cika kofi na miƙa masa.

"Awudu, sha."

"Saura awa ɗaya da rabi, Malam."

"Na ce ka sha. Ya wajaba a kanka. Ka rama bayan salla."

Ya karɓa ya sha, na ƙara masa, ya sha. Ya goge baki da bayan hannu, ya ɗago ya dube ni.

"Ashe ka iya gajeriyar magana."

A ranar ina jin ƙarar igwar shan ruwa daga nesa, dabino yana hannuna, na kasa kai shi baki. A ɗaki babu wanda ya sake ambaton alama.

Ta rayu. Sai bayan kwana huɗu aka bar mu muka gan ta. Ƙodarta ce ta tsaya, aka haɗa ta da na'ura mai wanke jini, tana kwance tana kallon bututu. Awudu ya ce mata ya gaya wa jakar ta huta, Lami ta tafi hutu. Ta yi murmushi da gefen baki. Sannan na ce mata abin da ya kamata in ce a rumfa, duka ukun, bi da bi. Na ce na san su a ranar.

"Ba kai ka hana ni sha ba," in ji ta.

"Ni aka tambaya."

Sai ta ce, "Kana da 'ya?"

Na ce ina da biyu.

"Da ɗayarsu ce ta tambaye ka a wurin, me za ka ce mata?"

"Sha."

Ta juya fuskarta ga taga. Muka tsaya kaɗan, Awudu ya taɓa hannuna, muka fita.

Kafin salla mahaifinta ya zo ya tafi da ita. Gasar tantancewa ta wannan shekara an yi ta ba da ita ba, masu ɗaukar nauyinta kuma suka janye kamar yadda suka faɗa. Sauran labarin daga Awudu na ji, don ba su yanke zumunci ba. Ta yi shekara biyu tana farfaɗowa tana buga ƙananan gasa a ƙasarsu. A ta uku ta shiga tantancewa da ƙarfin kanta, ta sami katin. Amma likitoci sun hana ta wasa a ƙasashe masu zafi har abada, kuma yawancin gasar farkon shekara da ƙarshenta a can ake yi. Wadda ke buga rabi ba ta riƙe wuri a tsakanin masu buga duka. Shekara guda katin ya yi a hannunta. Yanzu tana koya wa yara wasan a wani gari mai yawan ruwan sama. Awudu ya koma Kumasi tuntuni. Ya ce duk shekara in an ga wata takan aiko masa gaisuwa, ta ce ya gai da farfesa.

Binciken nawa an buga shi, an yaba. Babin uzurori shi ya fi tsawo.

Watan azumi yana ja da baya kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Masu ƙorafin ƙishirwa cikin wannan sanyi ba su lura ba, amma yana kan hanyarsa ta komawa cikin wancan zafi, kuma abin da ke cikin surukata zai riske shi yana ganiyar ƙuruciya. Wannan na tsaya ina tunani jiya a tsakiyar falo, ina kallon gora.

Shekara uku muna gida ɗaya da yarinyar nan, maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. In na shigo ta fita, in ta kawo abinci ta durƙusa ta ajiye idonta a ƙasa. Haka aka rene ta, haka aka rene ni. Abin da ya dace shi ne in jira ɗana ya dawo in yi masa ishara, shi kuma ya san yadda zai yi. Saura awa shida ya dawo.

Na tsiyaya ruwan a kofi, na je ƙofar ɗakinta na yi sallama. Ta fito da sauri tana gyara mayafi, ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a bango. Leɓenta ya yi fari. Ta ga kofin, ta gane.

"Baba, ai ina jin ƙarfi. Kuma na riga na ɗauki niyya tun dare. Ban taɓa shan azumi da son raina ba tun ina 'yar shekara tara. Ko ba daidai na yi ba?"

Na ji dogayen maganganun suna tasowa, masu kyau, a jere, kowace da addu'arta.

"Ba daidai ba ne," na ce. "Sha, 'yata."

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya gefe saboda kunya. Al'ada ta ce in ba ta wuri. Ban tafi ba sai da ta miƙo mini kofin, na ji nauyinsa a hannuna.